Ɗingishin Kwastoma

Shekara goma sha tara bango ɗaya ne tsakanin shagona da na Baba Dunduniya, kuma bangon ma ba na kirki ba, irin wanda idan ya yi atishawa a can ni nake amsa masa daga nan. Ni mai aski ne, shi mai gyaran takalma. Ni kawunan mutane nake kallo, shi ƙafafunsu, don haka tsakaninmu da wuya mutum ya ratsa layin nan ba mu san wani abu a kansa ba.

Mutanen layi ne suka laƙaba masa Dunduniya, saboda bai iya gaisawa da mutum yana kallon fuskarsa ba. Kana miƙa masa hannu, idonsa na ƙasa. Idan ka ba shi takalmi sai ya kifa shi, ya shafa dunduniyar da babban yatsa, ya shiga gaya maka abin da ba ka tambaye shi ba: kana jan ƙafar hagu, ko kana ɗaukar kaya a kafaɗa ɗaya, ko gwiwarka ta fara ciwo kana ɓoye wa matarka. Ni ya taɓa ce min tsayuwata a bayan kujerar aski ta karkace, in ban gyara ba bayana zai yi min magana nan da shekara biyar. Na ce masa ya ji da takalmansa. Shekara huɗu aka yi bayan nawa ya fara ciwo, kuma har yau ban gaya masa ba.

Tun yana ɗan shekara goma ya koyi aikin a hannun wani kawunsa, bai kuma taɓa yin wani ba. Shagon ɗan ƙarami ne. Akwai bencin masu jira, da teburi mai gajerun ƙafafu, da ƙarfen da yake kifa takalmi a kai, da gwangwanayen madara jere a kan katako, kowanne da irin ƙusar da ke ciki. Ƙofa ta biyu a bayan teburin ita ce ta ɗakin kwanansa: gado, rediyo, kujera ɗaya da butar shayi. A da kujerun biyu ne. Bayan rasuwar matarsa ya fito da ɗayar ya ba ni, ya ce tana cika masa ɗaki.

Abin alfaharinsa a duniya ƙusa ce. Masu gyaran takalma na yanzu gam suke shafawa su danna su miƙa maka, shi kuwa yana cewa takalmin da ba ƙusa yaudara ce. Kuma ba kowace ƙusa ba, sai 'yan ƙanana na tagulla waɗanda ba sa tsatsa ko an shiga ruwa da su. Yakan jera biyar ko shida a leɓensa, ya riƙa zarowa ɗaya bayan ɗaya yana bugawa, idan tsinin ya leƙo ta ɗaya gefen sai ya datse shi da filaya. Ɗan tsinin nan, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, sai ya yi tsalle ya faɗi ƙasa. Shi kuma ya bi shi da ido, ya lashi yatsa ya dangwalo shi, ya jefa a gwangwani, duk ba tare da ya katse hirar da yake yi ba. Yana yawan cewa 'yarsa a kan simintin nan ta yi rarrafe, kuma ba ita ba, ba wani ba, babu wanda ƙusarsa ta taɓa soka.

Kyanwar ta zo ne shekara guda bayan ya zama shi kaɗai. Wata safiya ana yayyafi, wata ramammiyar mage mai ruwan toka da yagaggen kunne ta shigo ta haye bencin masu jira ta zauna, ta zuba masa ido. Ya ɗago ya dube ta, ya ce ta yi haƙuri akwai mutum biyu a gabanta. Daga ranar sunanta ya zama Kwastoma. Ni ba ma'abocin kyanwa ba ne, na kuma gaya masa wannan kwastomar ba ta da takalmi kuma ba ta da niyyar tafiya. Ya ce duk cikin masu zama a bencin ita kaɗai ce ba ta taɓa ce masa ya yi sauri ba.

Ta bango nake jin yadda suke zama. Da safe ya tambaye ta yadda ta kwana, da rana ya ba ta labarin mai takalmin da ke hannunsa, da yamma ya yi mata faɗan ta hau masa fata. Kafin zuwanta, idan masu kawo gyara suka ɗauke ƙafa, guduma kawai nake ji, wani lokacin ma sai gudumar ta yi shiru na tsawon awa guda, in rasa ko in leƙa ko in ƙyale shi.

'Yarsa ɗaya ce, tana aure a wani gari mai nisa, tana kuma aiki a wani ofis. Uwata yake kiranta, ita ma kuwa faɗan uwa take yi masa. Wani zuwa da ta yi ta zauna a benci tana kallonsa yana zura zare a basilla. Sau uku yana kuskurewa. Ba ta yi dariya ba. A gabana ta ce masa ta gaji da kwana da tunaninsa, kuma duk ranar da ta tabbatar idonsa ya gaza, za ta rufe shagon nan da hannunta ta tafi da shi. Ta ƙara da cewa kyanwa ba za ta bi su ba, domin ƙaramar 'yarta na da asma, likita ya hana ta kusantar duk wani abu mai gashi. Ya yi dariya ya ce daga inda yake zaune yana iya hango ƙwarƙwata a kan mai aski. Na ce ba ni da ita. Ya ce ai shi ya sa bai hango ba.

Bayan ta tafi ya daina dariyar. Ya ce min gidan Uwata a hawa na uku yake, ya taɓa zuwa sau ɗaya. Kowa ya fita tun safe, sai kai kaɗai da agogon bango, in ka leƙa ta taga ba abin da kake gani sai tsakiyar kawunan mutane.

"Wannan aikinka ne, Mai-aski, ba nawa ba," ya ce. "In aka raba ni da wurin nan an gama da ni."

Wata biyu bayan haka Kwastoma ta fara ɗingishi.

Ƙafar gaba ce ta dama. Ya sa ta yi tafiya daga ƙofa zuwa teburi yana tsugune yana kallo, kamar yadda yake yi wa mutane, ya yanke hukunci cewa daga katanga ta diro ta gurɗe. Ya gasa mata da ruwan ɗumi, ya hana ta fita. Kwana huɗu ta warke, ya yi ta yi min burga cewa da ya yi karatu da likitan ƙashi ya zama. Bayan mako biyu ɗingishin ya dawo, amma a ƙafar baya ta hagu. Wannan karon karen mai wanki ne ya sha zargi, karen da tsufa ya sa ko ƙuda ba ya iya kora. Ta sake warkewa, ta sake komawa. Duk ranar da ta tashi tana ɗaga ƙafa, shi ma ranar ba ya cin abincin kirki.

A karo na uku ya ga ɗan jini a tafin ƙafarta. Sai ga shi a ƙofar shagona, ina tsakiyar yi wa wani mutum gyaran fuska, ya ce rezata ce. Wai ina zubar da tsofaffin reza a bayan shago inda take wucewa. Ni da nake tara su a kwalba mai murfi tun kafin a haifi kakar kyanwar nan. Ina da saurin fushi, ban ɓoye ba, kuma a gaban mai aski ba a taɓa masa tsabta. Na ce masa ya je ya binciki nasa shagon kafin ya zo nawa. Ya ce shagonsa shekara hamsin bai soki kowa ba. Na ce to kyanwar ce take soka wa kanta don ta ga yadda zai yi.

Mako uku ba mu yi magana ba. Abin kunya ne ga mutum biyu masu furfura, amma haka aka yi. Ina jin sa ta bango yana tambayarta inda ke mata ciwo, yana ce mata ta faɗa masa mana, shi ba ya jin yarenta. Ya yi atishawa sau da yawa a makonnin nan, na kame bakina. Daga baya na lura cewa in ban da masu kawo gyara, waɗanda ke ajiyewa su wuce, a duk tsawon kwanakin babu ɗan Adam ɗaya da ya zauna ya yi hira da shi. Wannan ya dame ni, amma girman kai bai bar ni na leƙa ba.

Shi ne ya zo. Wata safiya na buɗe shago na same shi tsaye da kwali a hannu, an huda masa ramuka a gefe. Ƙafar ta kumbura ta yi ruwa, kwana biyu Kwastoma ba ta ci komai ba. Bai gaishe ni ba. Ya ce ba don shi ba, don ita, in kai su wurin likitan dabbobi a babur ɗina. Na rufe shagon na tayar da babur.

Likitar wata matashiya ce mai sanyin hannu. Ta sa na riƙe kyanwar, ta wanke tafin ƙafar, ta matse mugunyar, ta kunna 'yar fitila ta daɗe tana dubawa. Sai ta ɗauki hantsaki ta zaro wani abu ta ɗora a kan farar auduga. Ta duba sauran ƙafafun ta ce akwai tabon irin wannan a guda biyu, waɗancan sun fita da kansu ne, wannan kuwa ya shige ciki. Ta miƙa audugar gabansa ta tambaye shi ko ya san mene ne.

Daga inda nake tsaye ina ganin abin sarai, ɗan ja yana ƙyalli a gefen dama na audugar. Shi kuwa gefen hagu yake kallo, inda babu komai. Ya gyaɗa kai kamar mai nazari. Can ya ce ta sa masa a tafin hannu. Ta sa. Ya murza shi tsakanin yatsu biyu, sau ɗaya kawai.

"Tawa ce," ya ce.

A hanyar dawowa bai yi magana ba, sai kwalin da ya rungume a tsakaninmu. Da muka sauka ya tsaya a ƙofar shagonsa yana laluben makulli, ya ce in yafe masa zancen reza. Na ce ai wannan ya wuce. Ya ce ya fi shekara yana jin ƙarar faɗuwar tsinin amma ba ya ganin inda ya sauka, sai ya dangwali ƙasa a inda yake zato, ya kai yatsa gwangwani, don kada mai jira ya lura. Tun yana yi don mutane har ya koma yi ko shi kaɗai ne. Sannan ya roƙe ni kada Uwata ta ji. Na yi masa alkawari, kuma cikin alkawuran da na ɗauka a rayuwata wannan ne na fi yin da-na-sani a kansa.

Muka shiga neman dabara. Shara ba ta yi ba, domin simintin ya tsufa ya tsattsage, tsinin yakan faɗa cikin tsaga ya tsaya kansa a sama, tsintsiya ta bi ta kansa ta wuce. Na ciro mayen ƙarfe daga wata tsohuwar lasifika, na ɗaura masa igiya, na ja shi lungu-lungu ina jin kaina mai basira. Ya kwaso allurai biyu da wani maɓalli, amma ko tsini ɗaya bai ɗauka ba. Ashe mayen ƙarfe ba ya kama tagulla. Baba Dunduniya har da ɗan murmushinsa, wai ai ya gaya min ƙusarsa ba ta kowa ba ce. Ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashin teburi, tsinin ya riƙa tsallake buhun. Ya kulle Kwastoma a ɗaki, ta yini tana kuka, ta fice ta taga ta zagayo ta ƙofar gaba ta haye bencinta. Ya gwada barin ƙusa ya koma gam zalla. Kwana na uku wani malamin makaranta ya dawo da takalmi a hannu, dunduniyar a aljihu. Ban taɓa ganin kunya a fuskar tsoho irin ta ranar ba, kuma washegari na ji guduma ta dawo.

Na ce to ni zan riƙa shigowa da yamma ina tsince masa. Na yi kwana uku. Amma yamma ita ce lokacin da shagona ke cika, kuma idona bai saba da wannan aikin ba, sai in tsinci biyu in ce an gama. Rana ta huɗu na ce sai anjima, ta biyar na manta. Bai tuna min ba, ni ma na bar shi a haka, tunda kyanwar ta warke tana tafiyarta daidai. Wata biyu cur ba ta ɗaga ƙafa ba. Na ɗauka abin ya wuce, don haka ya fi min sauƙi.

Wata yamma, rana ba ta faɗi ba tukuna, na je mayar masa da butar shayinsa. Ƙofar a saye take, na tura. Ya kulle Kwastoma a ɗaki, ya jingine benci a bango, ya naɗe ƙafar wando. Ba takalmi a ƙafarsa. Yana dafe da bango yana jan tafin ƙafarsa a kan simintin a hankali, daga wannan kusurwa zuwa waccan, in ya kai ƙarshe ya matsa taki ɗaya ya dawo. Ina tsaye ya ɗan zabura, ya tsaya, ya ɗaga ƙafar ya laluba ya zare abin, ya jefa a gwangwani. Sannan ya mayar da ƙafar ƙasa ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Na tambaye shi ko ya haukace ne. Ya ce a'a, lissafi ne: duk tsinin da ya shiga ƙafarsa ba zai shiga tata ba, kuma fatarsa ta fi tata kauri. Kullum haka yake yi kafin ya buɗe mata ƙofa, wata rana ya samu uku, wata rana biyar. Na yi masa faɗa sosai, na ce mutum mai shekara saba'in da ɗoriya ba ya wasa da rauni a ƙafa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "To ka zaɓar min, Mai-aski. In bar aikin, ko in bar ta tana ɗingishi, ko in kira Uwata?" Na ajiye masa butar a kan teburi. Na koma tsince masa da gaske daga ranar, amma ko na gama sai ya bi bayana da ƙafa, kuma sau da yawa yana samun abin da na bari.

Ba a yi wata guda ba ƙafarsa ta dama ta fara ruwa. Ya ɓoye abin yadda ya iya. Ya daina tashi in mutane na nan, ya jawo komai kusa da hannunsa, ya yanke wani soso ya fafe tsakiyarsa ya manna a cikin silifas ɗinsa don kada ciwon ya taɓa ƙasa. Na kawo masa magani daga kemis, na ce mu je asibiti, ya ce sai mako mai zuwa. Makon bai zo ba Uwata ta zo, ba tare da ta sanar ba.

Ina shagon lokacin. Ya miƙe tsaye ya tarye ta, ya yi taku uku a miƙe kamar soja, fuskarsa cike da fara'a. Ni kaina da ban sani ba da na yarda. Ta gaishe shi, ta gaishe ni, ta ajiye jaka. Ya koma ya zauna ya zare ƙafa daga silifas ya tura ta ƙarƙashin teburi. Ita kuwa ta sunkuya ta ɗauki silifas ɗin, ta kifa su, ta shafa dunduniyar da babban yatsa. Ta hagun ta cinye ta gefe ɗaya, ta daman kamar ba a taka ta. Ta juya ta ga soson. Shi ya koya mata wannan tun ba ta kai tsawon teburin ba.

Ta durƙusa ta jawo ƙafar ta ɗora a cinyarta. Tafin duk ɗigo-ɗigon baƙin tabo ne, ga kuma babban ciwon a tsakiya. Ta daɗe tana kallo.

"Baba, mene ne wannan?"

Na zaci zai kawo zancen kwalba ko ƙaya. Ya ɗaga kai ya kalli wajen fuskarta, abin da ba ya yi wa kowa.

"Ƙusa ce, Uwata. Na daina ganinsu."

Ta yi kuka ba sauti, tana riƙe da ƙafar da hannu biyu. Da ta share ido ta juyo gare ni ta ce, "Kawu, ka sani?" Na ce na sani. Ba ta ƙara ce min komai ba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

A asibiti suka wanke ƙafar suka ce an zo a kan gaɓa. Likitan ido kuwa ya ce abin da ya tafi ya tafi, sai dai a riƙa ɗiga magani don a riƙe ɗan abin da ya rage. Kwana tara aka yi ana kwashe shagon. Ya sa aka kira masu takalma ɗaya bayan ɗaya ya mayar musu da kayansu, yana ba kowa haƙuri, yana kuma gaya masa yadda zai gyara takunsa. Bai yi gardama ba ko sau ɗaya, wannan ne ma ya fi tayar min da hankali.

Ranar tafiya ya kawo min Kwastoma da kwanonta. Ya zauna a kujerar askina ya ɗora ta a cinya, ya kama ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya yana latsa tafin da yatsa, yana sauraron ko za ta yi ƙara. Ba ta yi ba. Ya ce kada in ba ta madara da yawa, kada in yi mata tsawa a gaban mutane, tana da zuciya. Ya miƙo min ita ya fita yana dogara sanda, bai waiwayo ba. Ita kuwa ta yi kwana huɗu tana zama a bakin rufaffiyar ƙofarsa.

Yanzu wani mai sayar da kayan waya ne a shagon, ya sa tayil mai sheƙi, ya kuma toshe bangon da katako, ba na jin komai daga can sai kiɗa. Kwastoma ta koma kujerar masu jirana, ta yi ƙiba, tana tafiya kamar ba ta taɓa sanin ciwo ba.

Da farko yakan kira ni duk mako, da hantsi, lokacin da gidan ya watse ya rage shi kaɗai. Mu gaisa, ya ce, "Ƙafar Kwastoma fa?" In ce lafiya lau, ko alama babu. Ya ce madalla. Sai shiru. Ina jin numfashinsa, ina jin agogon bangonsu. In tambaye shi gari, ya ce yana nan. In ba shi labarin layi, ya ce to. Mutumin da muka yi shekara goma sha tara ba mu rasa abin faɗa ba, sai ga shi minti ɗaya ya yi mana yawa. Mako na huɗu bai kira ba, na biyar ma haka.

Na kira Uwata. Ta sauko daga fushin da take yi da ni, ta ce ƙafarsa ta warke, yana cin abinci, ba ya ƙorafin komai. Amma yini yake a kujera fuskarsa na kallon bango. Ta ce masa ya kira ni, ya ce me zai tambaya, ai kyanwar ta warke.

Na ajiye wayar na kalli kyanwar, tana kwance ta baje a kujera tana barci. Ni ba maƙaryaci ba ne, sai dai irin ƙaryar sana'a, in ce wa mai sanƙo gashinsa na dawowa. Na kira shi na ce Kwastoma ta tashi da ɗingishi.

Na ji ƙarar kujera, ya gyara zama. Wace ƙafa? Na ce ta gaba, ta hagu. Tun yaushe? Tana taka ta ko tana ɗagewa gaba ɗaya? Ya ce in sauke ta ƙasa in koma bakin ƙofa in kira ta, in lura ko tana sunkuyar da kai lokacin da ta taka mai lafiyar. Ya ce in duba tsakanin yatsun, in shinshina tafin, in taɓa in ji ko da zafi. Ya ce ni dama ban iya kallon ƙasa ba, shi ya sa. Muryarsa ta dawo irin ta da, har da faɗa. Muka yi rabin awa, wani mutum na zaune da rabin aski a kai yana hararata. Kyanwar ko motsi ba ta yi ba.

Tun daga nan ɗingishin yake dawowa duk bayan kwana goma ko sha biyu. Yakan ɗauki kwana uku ana jinya, kullum da kira, safe da yamma, sannan ta warke, ya ce ai ya gaya min. Uwata ta ce ya fara tambayar 'ya'yanta su kawo masa takalmansu na makaranta ya shafa. Ban gaya mata komai ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Shekaranjiya na kira shi na ce abin ya dawo, ƙafar gaba ta hagu. Ya yi tambayoyinsa duka, na amsa duka. Har na ce sai da yamma, sai ya ce in dakata.

"Mai-aski."

"Na'am, Baba."

"Sau uku ke nan a jere kana cewa ta gaba ta hagu. Ba a yin haka. Wani karon ka ce ta baya ce."

Na ji agogon nan yana bugawa a bayansa.

"Ka ji ko?" ya ce, a hankali. "Kada dai ka bari ta warke da yawa."

Na ce to, Baba.